Rabon Mai Jego

Tanimun ya dawo daga Yamai da wani ɗan farin akwatin sanyi mai kwaɗo biyu, da safar hannu, da abin rufe hanci, da wata lambar waya da aka ce ya haddace ta kamar sunansa. Wani furoje ne, shirin masu ba da tallafi, ya tara likitocin dabbobi daga ko'ina cikin ƙasa, aka zaunar da su a ɗakin otal mai sanyi har haƙora na kaɗawa, ana haska musu hotunan ƙwayoyin cuta a bango. Abin da ake tsoro, in ji masanan, shi ne miyagun mutane su samu ƙwayar wata cuta su mayar da ita makami, su watsa wa jama'a. Cikin cututtukan da aka ambata har da ciwon saifa, wanda ke kayar da sa yana cikin kiwo. Tanimun ya san ciwon tun yana lakwal, wato makaranta, amma bai taɓa jin an kira shi makami ba.

Abokan aikinsa a buron kiwo, wato ofishinsu na Ƙonni, suka samu abin tsokana. Da ya shigo sai su miƙe su ƙame, suna cewa ga sojan shanu ya iso. Shi dai bai kula su ba. Mutum ne mai ɗaukar abu da gaske, irin waɗanda in an ce su tsare ƙofa sai su manta da cin abinci. Ya ajiye akwatin a kan kabad, kullum yana share masa ƙura. In ya tuna abokin gabar da aka kwatanta musu, mutum yake gani mai rufaffiyar fuska, da bindiga, a kan moto, wato babur, yana fitowa daga dajin bakin iyaka. Wa zai ga laifinsa? Haka kowa zai zata.

Ruwan farko ya sauka, shuka ta fara kai, sai ga waya da sassafe daga mahaifinsa, Malam Hashimu, can Tungar Takama a karkarar Bazaga.

"Tanimun, in kana da hali ka leƙo mu. Ɗayan san ma ya hwaɗi."

"Ɗayan ma? Baba, na farkon hwa?"

Layi ya yanke, kamar yadda ya saba. Shanun huɗa biyu ne Tanimun ya saya wa tsohon bara, don ya huta da sunkuyo da hauya. Ya ɗaure akwatin a bayan moto, ya kama hanya.

Da hantsi ya iso. A bayan gida ya tarar da san kwance, ya kumbura kamar an hura shi, wani baƙin jini mai kauri na tsiyaya daga hancinsa ya ƙi daskarewa. Tanimun bai buƙaci a gaya masa ba. Ya daka wa mutane tsawa su ja da baya, har da dattawan da ya kamata ya durƙusa ya gaida. Mahaifinsa ya dube shi da mamakin rashin gaisuwar.

"Wanga ya riga mu," in ji Malam Hashimu. "Da asuba munka iske shi mushe. Na farkon dai Allah ya taimake mu, mun cim mai da wuƙa."

"Kun yanka shi?"

"To mi za mu yi? Mu zura mai ido shi mutu banza?"

"Ina naman, Baba?"

"Nama kuma? An raba. Ai an kwana biyu."

A ƙauye in dabba ta faɗi, ba likita ake fara nema ba, wuƙa ake nema. In rai ya fita kafin a yanka, ta zama mushe, rabon ungulu da karnuka, an yi asara biyu ke nan. Shi ya sa duk wanda ya ga sa yana tangaɗi sai ya ƙwala ihu, maza su sheƙo da gudu, wanda ya riga isa ya yi bisimilla. Haka kakanni suka yi, kuma ba wanda ya taɓa kiran abin da wani suna sai taimako. Malam Hashimu ma ya ƙara da nasa halin girma. Da aka ce a yi watanda don a rage masa asara, ya ce a'a, abin da Allah ya karɓa ba zai sayar ba, sadaka ya yi. Ga shi lokacin da rumbu ya yi ƙasa, yara sun manta ƙanshin nama. Ba gidan da bai ɗora tukunya ba a Tungar Takama, ana ta sa wa tsohon albarka.

Mas'udu, maƙwabcinsu da ya yi fiɗar, ya matso yana naɗe hannun riga. Yana so likita ya duba masa wani ɗan ƙurji, tunda ga shi ya zo. A damtsensa yake, gefen ya kumbura, tsakiyar ta yi baƙi kamar gawayi.

"Ba shi ko zahi," in ji Mas'udu, yana dariya.

Rashin zafin nan shi ya ƙara tabbatar wa Tanimun cewa ciwon ne. Ya fara tambayar wa da wa suka taɓa ɗanyen naman, wa ya wanke hanji, ina fatar. Ana ba shi amsa daga ko'ina, kowa na son a san shi ma ya samu rabo. Sai mahaifinsa ya gyara murya, irin gyaran muryar wanda zai faɗi abin da ya yi daidai.

"Ƙanwarka ma ban manta da ita ba. Ƙahwahun duka da hanta na aika ma Latifa, ta sha romo. Da saifa. Tanimun, ban taɓa ganin saifa irin wagga ba, ta cika hwaihwai. Gwaggonka Bara'atu ta ce ba abin da ya kai ta maida jini, ita ta kai da kanta."

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Latifa ce ƙanwarsa tilo, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ya goya a bayansa bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ba a daɗe da yin sunan ɗanta na biyu ba a gidan mijinta, can Zangon Gawo wajen Alela, kuma haihuwar ta zo mata da zubar jini har aka fid da rai. Mai jego kuwa ita ke da ƙauri da duk wani abu mai daɗi a jikin dabba, wannan ko yaro ya sani. Saifar da ta cika faifai, wadda kowa ya yi wa kallon albarka, ita ce gidan ciwon. Tanimun ya dubi mahaifinsa, ya ga tsohon na jiran a yaba masa. Ya juya ya nufi tudun bayan gari inda rezon waya ke kamawa.

Ya kira Zakariya'u, mijin Latifa, har yatsansa ya gaji. Zangon Gawo ba rezo, sai wanda ya fito kasuwa. Daga nan ya kira lambar nan da ya haddace. Bugu ɗaya aka ɗauka. Aka ce kada ya bar wurin, kada kowa ya taɓa mushen, mota na tafe daga Tawa.

Ya tsaya yana lissafi a ransa. Zuciyarsa na can Zangon Gawo. Amma ya san moto ba ta zuwa can, hukuma ta hana saboda ɓarayin daji, tafiyar ƙasa ce mai nisa. Mota kuwa in ta zo, kafin a sha shayi ta kai shi ta dawo da Latifa. Ga kuma wasu samari da ya hango suna kewaya mushen da wuƙa, wai ko fatar a cire kada ta tafi a banza. Sai ya yanki sanda ya tsaya a kan mushen sa kamar mai gadin banki, rana na dukansa, yana kallon hanya.

Motar kuwa ta zo, abin da ba a taɓa gani ba. Mutanen da suka saba jiran allurar rigakafin dabbobi har damina ta wuce, yau ga farar mota sabuwa fil tun kafin azahar, da jandarma biyu a baya. Mutum uku suka fito suka shiga fararen kaya tun daga kai har ƙafa, yara suka watse da kuka. Shugabansu Dokta Abdulwahab ne, wanda ya koyar da su a Yamai. Cikin natsuwa suka ɗebi jinin da ke hancin san, suka sa a kwalba, kwalbar a cikin wata kwalbar, sannan a cikin akwatin Tanimun, aka datse kwaɗo biyu. Aka haƙa rami, aka tara itace, aka cinna wa mushen wuta. Aiki ya yi kyau, ba abin da za a kushe.

Tanimun ya ja Dokta gefe ya gaya masa zancen Latifa. 

"Ba nisa a mota, Dokta. Mu ɗauko ta kawai, ku sauke mu bakin titi."

Dokta Abdulwahab ya cire abin hancinsa. Fuskarsa ta mutumin kirki ce, kuma hakan ya fi ciwo.

"Tanimun, kana zaune a gabana lokacin da muka karanta dokar nan. Motar da ta ɗauki akwati ba ta ratsewa, ba ta ɗaukar kowa. Daga nan sai labo, ɗakin gwaji."

"Ƙanwata ce, Dokta. Jego take."

"Na ji. Wallahi na ji. Amma in na shiga dajin bakin iyaka da abin da ke cikin akwatin nan, aka tare mu, me zan ce wa duniya? Ai saboda wannan ranar aka tara ku."

Ya ce ya riga ya sanar da masu kiwon lafiyar mutane. Motarsu ta tafi ɗauko wata mai naƙuda a wani gefen, amma tana dawowa za ta zo da magani don garin duka, za ta kuma iya kaiwa har inda jar hanya ta ƙare, gab da ƙoramar Zangon Gawo. In an fito da Latifa can, za a ɗauke ta. Ya ƙara da cewa ciwon na jin magani in an riga shi. Ɗaya daga cikin jandarman ya ga Tanimun na kallon motonsa, ya girgiza kai.

"Kada ka soma, likita. Wanda ya hango ka daga nesa ba zai tsaya tambayar katin aiki ba."

Da akwai mugu a cikinsu da Tanimun ya samu wanda zai zaga, ya ji sanyi. Babu. Mahaifinsa sadaka ya yi, gwaggonsa jinƙai ta yi, Dokta gaskiya ya faɗa, kuma da an tambaye shi a ɗakin otal ɗin nan da shi ma hakan zai ce. Yana tsaye motar ta juya da ɗigon jinin mataccen sa, cikin sanyi, da rakiyar bindiga biyu.  Ya bar wa Mas'udu saƙon a tara duk wanda ya taɓa naman a jira masu magani, ya naɗe ƙafar wando ya shiga daji a ƙasa.

Hanyar ta bi ta cikin gonaki. Mutane na ta noman farko, suna ɗaga masa hannu, wasu na kiran ya zo ya duba musu akuya. Bai tsaya ba. Can gabas hadari ya haɗu baƙi ƙirin, yana jin rugugi daga nesa, amma ko ɗigo bai taɓa shi ba. Da ya iso ƙoramar ruwa iya gwiwa ne, ja, yana gudu. Ya cire takalmi ya ƙetare.

Ana kiran la'asar ya shiga Zangon Gawo. Gidan su Zakariya'u ba ya ɓata, ga hayaƙin babbar tukunyar ruwan wankan jego na tashi. Gwaggo Bara'atu, wadda ta zauna don yi wa Latifa wanka, ta tarbe shi da guɗa, tana cewa ga likita ya zo ganin ɗansa. Inna Zuwaira, uwar mijin, na durƙushe gaban murhu tana ɗumama wata ƙaramar tukunya. Ƙanshin romo ya daki hancin Tanimun.

Latifa na kwance a ɗaki, jinjiri a gefenta. Ta yi zuru-zuru, leɓunanta sun bushe, ta dafe ciki da hannu biyu. Ya taɓa goshinta ya ji kamar garwashi. Ta buɗe ido ta gane shi, ta yi ƙoƙarin tashi ta kasa.

"Tun jiya take amai," in ji Inna Zuwaira daga bakin ƙofa. "Ciwon bayan haihuwa na, kowace mace ta san shi. Bari ta ƙara shan romon ga, shi zai kwantar mata."

"Inna, don Allah sauke tukunyar nan. Kada kowa ya ƙara kai ta baki."

Ya fito da Gwaggo da Zakariya'u bayan ɗaki, ya gaya musu a taƙaice. Zakariya'u, wanda shigowarsa ke nan daga gona da hauya a kafaɗa, ya tsaya yana saurare. Gwaggo ta ce romon ai duk matan da suka zo barka sun sha, ga su nan garau. Tanimun ya ji maganar ta wuce ta gefen kunnensa. Ya san ya kamata ya damu da su, amma a lokacin zuciyarsa mutum ɗaya take iya ɗauka.

"Gwaggo, saifar hwa? Yaya kinka dahwa ta?"

"Wa ka dahwa ma mai jego saifa? Gashi na yi mata sama-sama, don kada jinin shi ƙone. Ita kaɗai ta ci."

 Tanimun ya ce a fito da ita yanzu yanzu, motar likita za ta same su a bakin jar hanya. Inna Zuwaira ta ji, ta taso tana tafa hannu. Mai jego ba ta fita kafin arba'in, balle ta ƙetare ruwa da ɗanyen jiki, ga wankan marece bai samu ba. So ake iska ta shige ta? Ta haifi tara, ta yi wa jikoki wanka, ba ta taɓa ganin wannan sabon salo ba. Zakariya'u bai taɓa musa wa uwarsa magana ba tunda aka haife shi. Ya leƙa ɗaki ya dubi fuskar matarsa. Sannan ya ajiye hauya, ya je ya kwance jaki ya ɗaura masa amalanke.

Suka shimfiɗa tabarma da bargo suka kwantar da ita. Gwaggo ta hau da jinjirin a hannu. Zakariya'u na gaba yana jan jakin, Tanimun na gefe yana riƙe da Latifa kada gargada ta jefar da ita. Duk ramin da ƙafar amalanke ta faɗa sai ta yi nishi. Sau biyu suka tsaya ta yi amai, na biyun Tanimun ya ga jini a ciki ya yi sauri ya tura masa ƙasa da ƙafa kafin mijin ya waiwayo.

Tun kafin su ga ƙoramar suka ji ta. Ruwan da aka yi can gabas ya iso. Inda ya taka ɗazu iya gwiwa, yanzu ruwa ne ja ya cika daga gaɓa zuwa gaɓa, yana tafe da karare da kututture, har da danga guda ta wani gida. Wasu masu dawowa daga kasuwa na zaune a ƙetare da kayansu, suna jira. Jakin ya kafe ƙafafu tun daga nesa. Zakariya'u ya tuɓe riga ya ɗauki sanda ya shiga. Bai kai ko'ina ba ruwa ya kai masa ƙirji, ya kwashe masa ƙafa, da ƙyar ya kama wata saiwa ya fito yana haki. Ya sake nufar ruwan, Tanimun ya riƙe shi.

"Sai ta sauka!" wani tsoho ya ƙwala musu daga ƙetare. "In ba a ƙara ruwa ba, ƙila da sahe!"

Tanimun ya ɗaga wayarsa sama, ya juya ta gabas da yamma, ba ko sandar rezo ɗaya. Can bayan mutanen yana iya hango jar hanyar, ga ta nan, jifan dutse, ba kowa a kanta. Duk karatunsa, duk abin da aka koya masa a Yamai, bai ga ko guda da zai amfane shi a bakin ruwan nan ba. Ya san sunan ciwon da Faransanci, ya san yadda yake tafiya a cikin jiki, ya san abin da ke zuwa bayan amai irin wancan. Da bai sani ba ma da ya fi masa sauƙi, da ya zauna kamar Zakariya'u yana addu'a da sa rai. Ya dawo ya durƙusa gefen amalanken, ya jiƙa bakin rawaninsa yana goga mata a goshi.

"Yaya."

Muryar ta yi ƙasa ƙwarai, sai da ya kai kunne.

"Ina nan, Latifa. Kada ki wahal da kanki."

"Ban yi maka godiya ba. Na gode da saƙo." Ta haɗiye yawu da ƙyar. "Wallahi ba ni son cin komi lokacin, ko ruwa tashin zuciya shika sa ni. Na ture saifar har sau nawa. Sai da Gwaggo ta ce kai ka aiko da ita, ka ce in cinye duka, kai likita na, ka san abin da ka maida jini."

Tanimun ya ɗaga kai ya dubi Gwaggo Bara'atu. Tsohuwar ta duƙa a kan jinjirin, ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na girgiza. Ƙaryar da kowace uwa ke yi ce don mara lafiya ya ci abinci. Shi kansa da irinta aka ba shi magani yana yaro.

"Ban rage ko loma ba, Yaya," in ji Latifa. "Kada ka ce na ƙi jin maganarka."

 Idanunta na kansa, tana jira, kamar yadda take jira tana ƙarama in ta kawo masa allonta ya duba.

"Kin kyauta, Latifa," ya ce. "Kin kyauta."

Ta yi ɗan murmushi ta lumshe ido. Shi kuwa ya ci gaba da riƙe hannunta mai zafi, suna jiran ƙorama ta sauka.